Ɗan Sanda a Zamanin da Ba Nasa Ba: Nazarin Littafin Downtime da Ire-irensa

1.0 Gabatarwa

A cikin adabin Ingilishi na wannan ƙarni akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda ya haɗa abubuwa uku waɗanda bisa al'ada kowannensu gidansa daban. Na farko shi ne labarin soyayya tsakanin namiji da namiji. Na biyu shi ne labarin ƙetare zamani, watau mutum ya bar lokacinsa ya faɗa cikin wani lokaci da ya riga ya shuɗe. Na uku kuwa shi ne labarin bin diddigin kisan kai wanda ya auku a tarihi. Wanda ya fara jin wannan haɗi yana iya ɗaukarsa hatsin bara, an tara ne kawai domin kasuwa. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa sassan uku suna riƙe da juna ta wata tambaya guda, wato mene ne laifi, kuma wa ke da ikon yanke shi a kowane zamani. An ɗauki littafin Downtime na Tamara Allen, marubuciya Ba'amurkiya, a matsayin misali, domin a cikinsa ne wannan haɗi ya fito sarai.

2.0 Taƙaitaccen Labarin

Tauraron littafin, Morgan Nash, ɗan sandan ciki ne na hukumar FBI ta Amurka, wanda aka tura Landan wani aiki. Aikin ya ɓaci har ya kusa rasa ransa, sai kawai ya farka ya tarar da kansa a Landan ɗin dai, amma ta shekarar 1888. Wanda ya jawo shi shi ne Ezra Glacenbie, wani mutum da ke aikin jera tsofaffin rubuce-rubuce a babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, wanda ya tayar da sihirin wani tsohon littafi ba da niyya ba. Littafin sihirin ya ɓace, saboda haka hanyar komawa gida ta toshe. Ezra kuma mutum ne mai ganin ruhohin matattu, abin da ɗan sanda mai dogara da shaidar zahiri ba ya yarda da shi cikin sauƙi. Ana cikin neman littafin ne Morgan ya kasa kawar da kai daga kashe-kashen da ake yi a unguwar Whitechapel, kuma a cikin haka ne soyayya ta ƙullu tsakaninsa da Ezra.

Abin lura a nan shi ne shekarar da marubuciyar ta zaɓa. Da soyayya kaɗai take so ta bayar, kowace shekara ta isa. Amma 1888 ita ce shekarar da kisan da ya fi kowane suna a tarihin Ingila ya auku, shekara uku kacal bayan an kafa dokar da ta mai da irin wannan soyayya babban laifi ko da a cikin ɗaki ne. A kan waɗannan abubuwa biyu labarin ya tsayu.

3.0 Asalin Sassan Uku

Labarin ƙetare zamani zuwa baya ya samu gindin zama tun 1889, lokacin da Mark Twain ya fitar da A Connecticut Yankee in King Arthur's Court, inda wani Ba'amurke masanin injuna ya faɗa zamanin Sarki Arthur. A 1895 H. G. Wells ya fitar da The Time Machine, wanda ya yaɗa tunanin na'urar tafiya cikin lokaci. Tun daga Twain dabara ɗaya ce ke aiki: a ɗauki mutum mai ilmin yau a jefa shi inda ilmin bai iso ba, a ga abin da zai yi da shi.

Wanda ya fi yin suna wajen haɗa wannan dabara da binciken kisa shi ne John Dickson Carr. A littafinsa The Devil in Velvet na 1951, wani shehin malamin tarihi ya koma 1675 domin ya hana wani kisa. A Fire, Burn! na 1957 kuwa, wani babban ɗan sandan Scotland Yard ne ya tsinci kansa a 1829, shekarar da Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan. Har ila yau, a 1979 Karl Alexander ya fitar da Time After Time, inda ya juya tafiyar: mai kisan Whitechapel ne ya gudu zuwa ƙarni na 20, Wells kansa ya bi shi. Ke nan kafin Downtime an daɗe da share hanyar da ɗan sanda zai bi ya koma baya.

Sashe na uku ya fi jinkirin fitowa fili, dalili kuwa doka ce. E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914, labarin soyayyar maza biyu wanda ya ƙare ba da mutuwa ko kurkuku ba, amma bai yarda a buga shi ba yana da rai. Sai a 1971, shekara guda bayan rasuwarsa, littafin ya fito. A 1970 Joseph Hansen ya fitar da Fadeout, inda mai binciken, Dave Brandstetter, namiji ne mai son maza, kuma marubucin bai mai da wannan abin dariya ko alamar mugunta ba. Daga baya, a 2003, Diana Gabaldon ta fitar da Lord John and the Private Matter, inda irin wannan tauraro yake warware kisa a Landan ta ƙarni na 18. Bunƙasar ƙananan kamfanonin ɗab'i da littattafan da ake karantawa a na'ura a farkon wannan ƙarni ita ce ta mai da labarin soyayyar maza kasuwa mai zaman kanta, kuma sananne ne cewa mata suna da yawa ainun a cikin marubutansa da masu karanta shi.

4.0 Landan ta 1888

4.1 Kashe-kashen Whitechapel

Whitechapel unguwa ce ta talakawa a gabashin Landan, mai cunkoso, cike da gidajen kwana na haya da baƙin haure, musamman Yahudawa daga gabashin Turai. Tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Nuwamba na 1888 an kashe mata biyar waɗanda akasarin masana ke jingina kisansu ga mutum ɗaya. Su ne Mary Ann Nichols ranar 31 ga Agusta, da Annie Chapman ranar 8 ga Satumba, da Elizabeth Stride da Catherine Eddowes a dare guda ranar 30 ga Satumba, sa'an nan Mary Jane Kelly ranar 9 ga Nuwamba. Laƙabin Jack the Ripper, watau Jack mai farke mutane, ya fito ne daga wata wasiƙa da aka aika wa wani kamfanin dillancin labarai a ƙarshen Satumba, wadda mutane da yawa ke zaton ɗan jarida ne ya ƙaga ta. Ba a taɓa gurfanar da kowa aka same shi da laifin waɗannan kashe-kashe ba.

4.2 Ɗan Sanda Ba Kayan Aiki

Abu na farko da ƙetare zamani ke yi wa tauraro irin Morgan shi ne ya raba shi da kayan aikinsa. A 1888 'yan sandan Landan ba su fara aiki da zanen yatsa ba. Littafin Francis Galton kan zanen yatsa a 1892 ya fito, ofishin zanen yatsa na Scotland Yard kuwa a 1901 aka buɗe shi, kuma sai a 1905 aka fara samun mutane da laifin kisa a Ingila bisa wannan shaida, a shari'ar wasu 'yan'uwa biyu masu suna Stratton. Gwajin da ke bambance jinin mutum da na dabba ma a 1901 Paul Uhlenhuth ya fito da shi a Jamus. Gano mutum ta hanyar ƙwayar halittar DNA kuwa sai 1984, a hannun Alec Jeffreys.

Ba ƙarancin na'ura kaɗai ba ne, har da bambancin tunani game da shaida. A daren da aka kashe Eddowes an tsinci wani ƙyalle na tufarta a titin Goulston, ƙarƙashin wani rubutun alli a bango mai ambaton Yahudawa. Kwamishinan 'yan sanda, Sir Charles Warren, ya ba da umurni a goge rubutun tun kafin a ɗauki hotonsa, don gudun kada tarzoma ta tashi a kan Yahudawan unguwar. Bugu da ƙari, Eddowes a yankin wata runduna daban aka kashe ta, ta tsakiyar birni, saboda haka rundunoni biyu ne suke binciken abu ɗaya. Ɗan sandan ƙarni na 21 da ya ga irin wannan ya san an yi ɓarna, amma ba shi da muƙami, ba shi da takarda, kuma ba ya iya faɗar inda ya samo iliminsa ba tare da an ɗauke shi mahaukaci ba. Wannan ne ya sa baiwar Ezra ta ganin matattu take da aiki a cikin zubin labarin: mai shaidar zahiri ya rasa tasa hanyar, dole ya jingina da mai wata hanya wadda a zamaninsa da dariya zai yi mata.

4.3 Dokar 1885

Abu na biyu da ƙetare zamani ke ƙwacewa shi ne matsayin tauraron a gaban doka. A Ingila hukuncin luwaɗi kisa ne har zuwa 1861, lokacin da aka mai da shi ɗauri mai tsawo, ko da yake mutanen ƙarshe da aka rataye a kansa, James Pratt da John Smith, tun 1835 aka rataye su. A watan Agusta na 1885 majalisar dokoki ta zartar da wata doka wadda ainihin manufarta kare 'yan mata ce, ta ɗaga shekarun amincewa daga 13 zuwa 16. Wani ɗan majalisa, Henry Labouchere, ya cusa mata sashe na 11 ba tare da wata doguwar muhawara ba. Sashen ya haramta duk wani aikin da aka kira rashin ɗa'a mai muni tsakanin maza, a fili ne ko a ɓoye, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara biyu, da aiki mai tsanani ko ba da shi ba. Tun da dokar ba ta fayyace abin da take nufi ba, sai ta zama makami a hannun masu karɓar kuɗi da barazanar tona asiri.

A nan ne tarihi da kansa ya ɗinke sassan labarin, ba marubuci ba. Sufeto Frederick Abberline, wanda yana cikin manyan masu binciken kashe-kashen Whitechapel a 1888, shi ne kuma aka ɗora wa binciken gidan titin Cleveland a 1889, inda aka gano cewa samari masu kai wasiƙun waya suna karuwanci da manyan mutane, har Lord Arthur Somerset ya tsere daga ƙasar. Haka kuma Francis Tumblety, wani mai da'awar likitanci da ya zo daga Amurka wanda aka yi zarginsa da kisan Whitechapel, da tuhumar rashin ɗa'a mai muni aka kama shi a Nuwamba 1888, ya karya beli ya gudu. Watau hannun da ke farautar mai kisan shi ne ke farautar mutane irin Morgan da Ezra. Duk takun da tauraron ya yi zuwa ga 'yan sanda domin ya taimaka musu, taku ne zuwa ga waɗanda ke iya ɗaure shi. Ya fito daga Amurkar da Kotun Ƙolinta ta soke irin waɗannan dokoki a 2003, ya kwana yana mai tsare doka, ya wayi gari yana mai karya ta, alhali shi bai sauya ba.

Kuma shi ya san abin da ke gaba, wanda masoyinsa bai sani ba. Da wannan sashe na 11 aka ɗaure Oscar Wilde shekara biyu a 1895, da shi kuma aka hukunta masanin lissafi Alan Turing a 1952. Rahoton kwamitin Wolfenden na 1957 ya ba da shawarar a sassauta, amma sai a 1967 aka janye laifin a Ingila da Wales, ga waɗanda suka kai shekara 21 kuma a keɓe. Tsakanin 1888 da 1967 akwai shekara 79. Mutumin da ya kai ƙarfinsa a 1888 ba shi da tsammanin ganin wannan rana.

5.0 Matsalar Suna

Abu na uku da tauraron ya rasa shi ne sunan da yake kiran kansa da shi, kuma wannan ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Kalmar homosexual Karl-Maria Kertbeny ne ya ƙirƙiro ta da Jamusanci a ƙarshen shekarun 1860, kuma ba ta bazu a Ingilishi ba sai bayan an fassara littafin likita Krafft-Ebing a 1892. Kalmar gay kuwa a bakin mutumin Landan na 1888 tana nufin mai fara'a, a karin maganar titi kuma tana nufin karuwa mace. Kalmomin da ake da su na shari'a ne da na addini, kuma aiki suke ambata, ba irin mutum ba. Saboda haka idan mutumin ƙarni na 21 da na ƙarni na 19 suka zauna za su yi magana a kan abin da ke tsakaninsu, harshe ɗaya suke yi amma ma'aunin ba ɗaya ba ne: ɗaya yana ganin wani abu ne da shi yake, ɗayan an koya masa cewa wani abu ne da ake aikatawa. Marubucin da ya iya aikinsa yakan bar wannan giɓi ya bayyana a cikin zance. Wanda bai iya ba yakan sa mutumin 1888 ya yi magana kamar wanda ya karanta jaridar bara.

6.0 Ƙa'idojin da Ke Karo da Juna

Kowane ɗaya daga cikin sassan uku yana da alkawarin da ya yi wa mai karatu. Labarin soyayya, kamar yadda marubutansa a Amurka suka sha bayyanawa, dole soyayyar ta zama ita ce ginshiƙi, kuma dole ya ƙare da kyakkyawan fata. Labarin bincike dole ya bayyana mai laifi a ƙarshe. Labarin tarihi kuwa dole ya girmama abin da aka tabbatar ya auku. A 1888 waɗannan alkawura ba sa zama a tabarma ɗaya, domin tarihi ya ce ba a kama mai kisan ba, kuma dokar ba ta kau ba.

Game da kisan, hanyoyi kaɗan ne marubuci ke da su. Ko dai tauraron ya gano mai laifin amma wani dalili ya hana a rubuta shi a kundi, ko ya gaza kamar yadda 'yan sandan lokacin suka gaza, ko kuma marubucin ya karya tarihi ya buɗe wani sabo. Akwai kuma nauyin sani: wanda ya zo daga gaba yana iya sanin ranar da za a kashe Mary Jane Kelly, to ko ya cece ta ya rushe tarihin da ya haife shi, ko ya bar ta ya zama mai kallon kisa. Game da soyayyar kuwa, tambayar ita ce a wane zamani za a zauna. Idan mutumin baya ne ya biyo masoyinsa zuwa gaba, labarin yana cewa tsira tana ga yau, jiya kurkuku ce. Idan mutumin gaba ne ya zauna a baya, labarin yana cewa mutane sun rayu sun ƙaunaci juna har a ƙarƙashin dokar, kuma yau ma ba ta rasa nata kaɗaici ba. Zaɓin nan shi ne ainihin jigon kowane littafi na wannan reshe, kuma a kansa ya kamata mai nazari ya fi sa ido.

Reshen yana da aibi biyu da ya kamata a ambata. Na farko shi ne mai da matan nan biyar ado, gawarwakinsu su zama matakalar da masoya ke hawa. Littafin Hallie Rubenhold, The Five, na 2019, ya bi rayuwar kowace daga cikinsu, ya kuma kafa hujjar cewa babu tabbacin uku daga cikinsu karuwai ne kamar yadda aka daɗe ana faɗa. Bayan wannan aiki ya zama da wuya a yafe wa marubucin da ya bar su ba fuska ba tarihi. Na biyu shi ne girman kan zamani, inda baƙon yake da gaskiya a kowace muhawara, mutanen da kuwa jahilai ne masu jiran ya wayar musu da kai.

7.0 Mai Karatu Bahaushe

Akwai dangantaka ta tarihi tsakanin wannan batu da ƙasar Hausa. Dokar laifuffuka ta Indiya ta 1860, wadda Turawan Ingila suka tsara, tana da sashe na 377 kan wannan al'amari. Daga gare ta dokar Sudan ta samo asali, daga ta Sudan kuma aka tsara dokar final kod ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960, mai sashe na 284 da hukuncin da ya kai shekara 14. Daga 2000 jihohi 12 na Arewa sun kafa dokokin shari'ar Musulunci, wadda haramcinta ga luwaɗi ya riga zuwan Turawa da nisa, sa'an nan a Janairu 2014 aka sa hannu a kan dokar tarayya mai hana auren jinsi ɗaya. Ingila da Wales kuwa a 2014 ɗin aka fara ɗaura irin wannan aure a cikinsu. Ma'anar wannan ga nazari ita ce littafi kamar Downtime an rubuta shi ne ga mai karatun da ake zaton yana tsaye inda Morgan ya fito, alhali mai karatu a Kano ko Sakkwato yana zaune ne a tsarin doka da ya fi kama da inda Morgan ya faɗa. Abin da marubuciyar ta ɗauka tarihi ne, a wurinsa ba tarihi ba ne.

Matsalar suna ma tana nan. Kalmar luwaɗi daga Larabci take, aiki take ambata, kuma hukunci na tafe a cikinta. Ɗan daudu kuwa yana nufin namiji mai ɗabi'un mata da sana'o'insu, kamar sayar da abinci, wanda ba shi ne abin da kalmar Ingilishi ke nufi ba, kamar yadda binciken Rudolf Gaudio a Kano, wanda aka buga a 2009, ya nuna. Mai fassara ko mai sharhi da Hausa zai tarar cewa kalmomin Ezra sun fi sauƙin samu a kan na Morgan.

8.0 Kammalawa

An nuna cewa ƙetare zamani yana raba tauraron da abubuwa uku: kayan bincikensa, da matsayinsa a gaban doka, da sunan da yake kiran kansa. An kuma nuna cewa a Landan ta 1888 laifi biyu ne ke gefe da gefe a hannun runduna ɗaya, ɗaya ya kasance laifi a kowane zamani amma ba a hukunta kowa a kansa ba, ɗayan an ɗaure mutane da yawa a kansa sa'an nan ƙasar ta janye shi, har a 2013 ta yafe wa Turing, a 2017 kuma ta faɗaɗa yafewar ga matattun da aka hukunta da irin dokar. Mai nazari ba ya bukatar ya yarda da matsayin marubutan wannan reshe kafin ya gane yadda suka gina shi. Ma'aunin da zai ɗora wa kowane littafi daga cikinsu shi ne ko ya bar mutanen 1888, masoya da 'yan sanda da matan da aka kashe, su yi magana da harshen zamaninsu.